Mayen Ƙarfe Da Wutar Lantarki: Kada Mu Bar Wa Makaranta Wannan Aikin Ita Kaɗai



A zamanmu na ƙarshen wata, bayan an gama maganar kuɗin wata da gaisuwar marasa lafiya, wani dattijo daga cikinmu ya kawo wata magana da har yanzu take mana yawo a rai. Sana'arsa jari-bola ce, ya fi shekara ashirin yana sayen tsofaffin ƙarafa a nan Legas. Ya ce jikansa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya dawo da sakamako, ya faɗi a darasin kimiyya. Da aka duba takardar, cikin tambayoyin da ya bari babu amsa har da wadda aka ce ya lissafa abubuwa uku da maganaɗisu ke ja da uku da ba ya ja. Abin da ya ɗaure wa dattijon kai shi ne, wannan yaron kullum in an tashi makaranta yana wurinsa, kuma shi yake miƙa wa mayen ƙarfe ya ware masa baƙin ƙarfe daga alminiyam da jan ƙarfe. Bai taɓa yin kuskure ba.

Da muka zauna da yaron, sai muka gano inda gizo ke saƙa. Bai san cewa abin da littafi ke kira da wancan sunan na Turanci shi ne mayen ƙarfen da ke aljihunsa ba. Ya san amsar a hannunsa tun yana firamare. Babu dai wanda ya taɓa haɗa masa littafin da abin da yake yi a wurin kakansa.

Wannan asarar maki ce kawai, ana iya gyarawa a zango na gaba. Akwai wadda ta fi ta. A daminar da ta wuce, a wani gidan haya na unguwarmu, wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta saka hita a bokitin ƙarfe don ɗuma ruwan wanka. Ta tsoma yatsa ta ji ko ruwan ya yi zafi, hita tana kunne, ita kuma ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Wuta ta riƙe ta. Mahaifiyarta ta fito da gudu ta cafko ta, ita ma wuta ta haɗa da ita. Allah ya kawo wani maƙwabci mai gyaran fanka, bai taɓa kowa a cikinsu ba, ya wuce kai tsaye ya kashe wutar. Da haka Allah ya kuɓutar da su. Yarinyar tana aji shida, kuma an yi musu darasin lantarki a makaranta a wannan shekarar. Ta ma haddace ma'anar da aka rubuta musu a allo.

Saboda waɗannan biyun muke wannan rubutu. Ra'ayinmu shi ne, tushen ilimin maganaɗisu da lantarki ya wuce a ce darasin jarrabawa ne da za a bar wa malamin aji. Ya kamata kowane yaro namu, mace da namiji, ya fahimce shi da Hausa, ya taɓa shi da hannunsa, tun kafin ya gama firamare. Kuma muna da masu koyarwa da kayan koyarwa a cikinmu, ba mu dai lura ba ne.

ME YA SA MAKARANTA KAƊAI BA TA WADATAR BA?

Ba muna zargin malamai ba ne. Wanda aka ba aji cike da yara, babu ɗakin gwaji, babu ko batir ɗaya, abin da zai iya shi ne ya rubuta a allo a kwafa. Amma yaranmu na nan kudu suna da wata matsala ta daban. In darasi ya yi tsauri, malami yakan sauko ya yi bayani da Yarbanci ko Turancin buroka don 'yan aji su gane. Yaron da ya taso a nan yana iya tsintar wani abu. Wanda aka kawo daga gida bara ko bana sai dai ya yi shiru ya kwafa. In ya dawo gida kuma, babu mai tambayarsa me aka koya, domin da yawa daga cikinmu muna ganin kimiyya ta fi ƙarfinmu.

Alhali ku dubi sana'o'in da jama'armu ke yi. Akwai masu jari-bola, masu gyaran janareta, masu naɗin kwayil na fanka da injin ruwa, masu cajin waya, masu walda, masu gyaran babur, masu haɗa sola, masu wayarin ɗin gidaje. Duk waɗannan da maganaɗisu da lantarki suke cin abinci. Rabin ilimin yana makaranta cikin Turanci, rabin yana kasuwa cikin hannun iyaye, yaro yana tsakiya bai san abu ɗaya ba ne.

Domin kada maganar ta tsaya a kan a yi, a yi, ga abin da muke ganin ya kamata yaro ya sani. Mun rubuta shi yadda uba ko uwa za su iya karantawa su maimaita wa ɗansu.

NA FARKO: MAYEN ƘARFE

Maganaɗisu, wanda muka fi sani da mayen ƙarfe, ba kowane ƙarfe yake ja ba. Yana jan baƙin ƙarfe, wato irin su ƙusa, allura, rodi da reza. Ba ya jan jan ƙarfe, ba ya jan alminiyam, ba ya jan zinariya ko azurfa, balle roba, katako ko takarda. Shi ya sa mai sayen ƙarafa ba ya rabuwa da shi.

Kowane maganaɗisu yana da kai biyu, ana kiran ɗaya arewa ɗaya kudu. In ka kusanto da arewa da kudu sai su manne. In ka kusanto da arewa da arewa, ko kudu da kudu, sai su ture juna, ko ka danna da ƙarfi za ka ji suna zamewa. In ka fasa shi gida biyu, kowane ɓari zai zama cikakken maganaɗisu mai arewarsa da kudunsa. Kuma ƙarfinsa yana ratsa takarda da kwali da ruwa. A sa allura a kan faranti na roba, a riƙa jan mayen ƙarfe ta ƙarƙashi, yaro zai ga allura tana bin sa ba tare da sun taɓa juna ba.

Ita kanta ƙasar da muke takawa babban maganaɗisu ce. A goga allura a jikin mayen ƙarfe sau talatin ko fiye, ana goga ta fuska ɗaya kawai, a ɗora ta a kan ɗan ganye ko guntun soso a cikin kwanon ruwa. Za ta juya a hankali ta tsaya tana nuna arewa da kudu. A juya ta, za ta koma. Wannan shi ne kamfas da matuƙa jiragen ruwa suka yi ɗaruruwan shekaru suna dogara da shi, kuma shi ne a jikin wasu dardumomin salla da ake duba alƙibla da su. Yaron da ya ga allurar nan ta juya da kanta ba zai manta ba, gani ya kori ji.

NA BIYU: WUTA SAI TA SAMU HANYAR KOMAWA

A cikin kowane abu akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, masana suna kiransu ilektiron. Wutar lantarki ita ce tafiyar waɗannan ƙwayoyi a cikin waya. Waɗanda suka yi ƙuruciya a arewa sun san yadda bargo ko rigar leda ke ƙara ƙas-ƙas da tartsatsi cikin duhu lokacin hunturu, da yadda biro ke ɗaukar guntayen takarda in an goga shi a gashi. Wannan ma lantarki ne da ya taru wuri ɗaya. A nan Legas bai cika yi ba saboda damshin iska. Walƙiya ma irinsa ce, sai dai ita mai girman gaske ce.

Babbar ƙa'idar da muke so kowane yaro ya riƙe ita ce, wuta ba ta tafiya sai ta samu hanyar da za ta zagayo ta koma inda ta fito. A ba yaro batir ɗaya na tocila, ƙwan tocila da guntun waya biyu, a ce ya kunna. Zai yi ta gwadawa har ya gano cewa sai waya ɗaya ta taso daga kan batir zuwa ƙwai, ɗayar ta taso daga ƙwai ta koma gindin batir. Ya ɗaga ɗaya, haske ya mutu. Abin da makunnin bango ke yi ke nan, yana yanke hanya ne ya kuma haɗa.

Daga nan sai a yanke hanyar a tsakiya, a ba shi cokali, tsinke, ƙusa, roba, tsabar kuɗi da busasshen katako ya riƙa sakawa a gurbin ɗaya bayan ɗaya. Da wasu ƙwai zai kama, da wasu ba zai kama ba. Ya raba su gida biyu da kansa: waɗanda wuta ke bi da waɗanda ba ta bi. Nan zai gane dalilin da ya sa cikin waya jan ƙarfe ne, bayanta kuma roba. Sai a faɗa masa abin da batir ba zai nuna masa ba: wutar gida mai ƙarfi tana bin ruwan famfo da na rijiya, tana bin jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana bin jikin mutum.

Da wannan ƙa'idar yaro zai amsa tambayar da yara ke yawan yi, me ya sa wuta ba ta jan tsuntsun da ya sauka a kan waya? Domin ƙafafunsa biyu a kan waya ɗaya suke, bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa wata wayar ba, wuta ba ta da hanyar wucewa ta jikinsa. Yarinyar da muka ambata kuwa, hannunta a ruwa, ƙafarta a jiƙaƙƙen siminti, jikinta ne ya zama hanya. Mahaifiyarta da ta riƙe ta ita ma ta shiga cikin hanyar.

NA UKU: VOLT, AMFIYA DA WAT

Waɗannan kalmomi uku suna jikin kowace caja, kowane ƙwai, kowane janareta, amma kaɗan ne ke karanta su. A kwatanta wa yaro da tankin ruwa. Volt kamar tsayin da aka ɗora tanki ne, iya tsayinsa iya ƙarfin da ruwa ke fesowa. Amfiya kamar yawan ruwan da ke wucewa ta bututu ne. Wat kuma shi ne yawan aikin da ake samu, ana gane shi in an ninka volt da amfiya.

Batirin tocila volt 1.5 ne. Cajar waya ta yau da kullum tana fitar da volt 5. Batirin mota volt 12 ne. Wutar soket ɗin gida a Najeriya kusan volt 230 ce. Manyan wayoyin da ke kan dogayen turakun ƙarfe a bayan gari suna ɗauke da volt 132,000 ko 330,000. Yaron da ya jera waɗannan lambobi a littafinsa ya san dalilin da ya sa batir abin gwaji ne, soket kuwa ba abin wasa ba ne.

Wannan lissafin yana taɓa aljihu kai tsaye. Yunit ɗaya da muke saya a mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 in ya yi awa ɗaya yana ci, ya cinye yunit ɗaya. Tsohon ƙwai mai wat 60 in yana kunne awa goma kullum, a kwana talatin ya ci yunit 18. Sabon farin ƙwai mai wat 9, wanda haskensa ya kusan kai na wancan, a daidai wannan lokacin yunit 2.7 zai ci. Ku ba ɗan aji biyar wannan lissafin ya yi da kansa, ku ga ko zai sake barin fitila a kunne da rana.

Haka nan soket ɗin bango da muka saba da shi an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, wato wajen wat 3,000. In aka haɗa butar lantarki mai wat 2,000 da dutsen guga mai wat 1,000 an riga an kai maƙura, balle a ƙara hita. Wayar jona soket mai araha kuwa siririya ce, ba ta ma kai nan ba take fara zafi. Gobara da yawa a ɗakunan haya da shagunan kasuwa daga irin wannan take tashi. Fiyus kuma siririyar waya ce da aka yi ta da gangan don ta narke ta yanke wuta in kaya sun yi yawa. Wanda ya cire fiyus ya ɗaura kaurin waya a gurbinsa don kada ya sake ƙonewa, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

NA HUƊU: MAGANAƊISU DA LANTARKI 'YAN GIDA ƊAYA NE

Nan ne darasin ya fi daɗi, kuma nan ne littattafan firamare suka fi yin sauri su wuce. A shekarar 1820 wani masani ɗan ƙasar Denmark, Hans Christian Oersted, ya lura cewa in wuta tana bin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita tana karkacewa. Ma'ana wutar da ke tafiya tana haifar da maganaɗisu. Yaro zai iya tabbatar da wannan a tsakar gida. A naɗa siririyar waya mai rufi a jikin babbar ƙusa zagaye talatin ko arba'in, a fere bakunanta biyu, a taɓa su a kai da gindin batirin tocila. Ƙusa za ta ɗauki allurai. A cire waya, allurai su zube. A ƙara yawan naɗi, ta ƙara ƙarfi. Kada dai a bar wayar a haɗe ya daɗe, domin tana yin zafi kuma batir yana saurin mutuwa. Da irin wannan maganaɗisun, mai girma, ake ɗaga tarin ƙarafa a manyan wuraren narka ƙarfe.

Bayan shekara goma sha ɗaya, a 1831, wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Faraday ya gano ɗaya ɓangaren. In ka motsa maganaɗisu a kusa da naɗaɗɗiyar waya, wuta za ta taso a cikin wayar. In ka daina motsi, wuta ta tsaya. Muna so iyaye su lura da tarihin wannan mutum. Ɗan maƙeri ne, talaka, bai yi karatun aji mai zurfi ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kai shi koyon sana'ar ɗinkin littattafai, sai ya riƙa karanta waɗanda aka kawo ɗinki, yana gwada abin da ya karanta. Da ya shahara kuma, ya yi shekaru yana shirya wa yara laccar kimiyya a birnin Landan yana nuna musu gwaji a gabansu.

Abin da ɗan maƙerin nan ya gano shi ne yake ba mu wuta har yau. A madatsar ruwa ta Kainji da ke kan kogin Kwara, wadda aka kammala gininta a 1968, ruwa ne ke faɗowa ya juya manyan farfeloli, su kuma su juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin waya. Haka ake yi a Jebba da Shiroro. A tashar Egbin da ke wajen Ikorodu, iskar gas ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururi ya yi juyin. Ƙaramin janaretan da ke bakin shago fetur ne ke juya masa. Babur ma haka yake samun wutarsa, maganaɗisu ne ke zagaya kwayil a cikin inji. Dattawanmu za su tuna fitilar keken da, wadda ake jingina kanta da taya, in ka taka da sauri haske ya ƙaru, in ka tsaya ya mutu. Duk abu ɗaya ne. Batir da farantin sola ne kawai, cikin abin da muka saba da shi, suke ba da wuta ta wata hanya daban.

Fanka da injin ruwa da injin niƙa na lantarki kuwa akasin janareta ne. A janareta juyi ake bayarwa a samu wuta, a fanka wuta ake bayarwa a samu juyi. Sifika ma kwayil ne da maganaɗisu, wuta na sa takardar ta yi rawa ta fitar da sauti. Taransifomar unguwa naɗin waya biyu ne a jikin ƙarfe, maganaɗisu ke ɗaukar ƙarfin daga ɗaya zuwa ɗaya, a sauko da volt 11,000 zuwa wanda gida zai iya ɗauka. Ku faɗa mana, wane malami ne zai nuna wa yaro wannan fiye da mai naɗin kwayil da ya buɗe fanka a gabansa?

NA BIYAR: DOKOKIN TSIRA DA RAI

Waɗannan a haddace su kamar yadda ake haddace sunan unguwa da lambar wayar uba.

Ba a taɓa soket, makunni, firij ko caja da jiƙaƙƙen hannu. Ba a tsoma hannu a ruwa hita tana ciki, sai an zare ta daga soket. Ba a cusa ƙusa, tsinke ko cokali a soket. In an ga waya ta faɗo ƙasa, ko tana cikin ruwan sama da ya kwanta, a yi nesa a kira manya. Wutar manyan wayoyi tana iya tsallakowa ta iska ta kama mutum tun bai taɓa ba, don haka masu ɗaukar dogon rodi, masu hawa rufin kwano da masu hawa saman tirela su kula.

In wuta ta riƙe mutum, ba a cafko shi. A kashe wutar daga babban makunni ko a zare abin daga soket. In ba hali, a tsaya a busasshen wuri a ture shi da busasshen katako ko kujerar roba. In babbar wayar titi ce, ko da sanda ba a matsawa. Bayan an raba shi da wutar a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin wuta tana taɓa bugun zuciya. Ba shi madara, kamar yadda aka saba, ba ya maye gurbin ganin likita. Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an kashe wuta. Janareta ba ya kwana a ɗaki ko a rufaffen lungu, gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma tana kashe mutane cikin barci. Ƙananan maganaɗisu da ƙananan batura masu kama da maɓalli a ɓoye su daga jarirai, haɗiye su babban haɗari ne.

GA MASU JA DA WANNAN MAGANA

Mun ji ƙorafi uku a wurin zaman, kuma duk suna da hujja.

Wasu sun ce in aka koya wa yaro wasa da waya, gobe soket zai nufa. Tsoron nan a kan hanya yake. Amma mu duba gaskiya, yaranmu sun riga suna jona caja, suna tayar da janareta, suna guga, suna ɗuma ruwa. Hana su sani bai hana su taɓawa ba. Yaron da ya ga da idonsa cewa wuta tana bin cokali, aka kuma nuna masa bambancin volt 1.5 da 230, shi ne zai ji tsoron soket tsoro na hankali. Sharaɗinmu ɗaya ne kuma ba sassauci: duk gwaji da batirin tocila za a yi, babu mai kusantar wutar gida.

Wasu sun ce jarrabawa da Turanci ake yi, koyarwa da Hausa za ta rikita yaro. A nan ƙasar Yarbawa aka gwada wannan. Daga 1970, Farfesa Babatunde Fafunwa na Jami'ar Ife, wanda daga baya ya zama ministan ilimi, ya jagoranci wani shiri da aka koyar da yara dukan darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, har da kimiyya da lissafi, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, kuma sun yi kyau a sauran darussa. Mu ba ma cewa a sauya harshen makaranta muke ba. Cewa muke yaro ya fahimci abu da harshen da yake tunani da shi, sannan ya rubuta sunansa na Turanci a gefe. Wanda ya fahimta shi ne zai iya amsa tambaya ko an juya ta, a WAEC ko NECO ko JAMB.

Wasu kuma sun ce wannan aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma ba za mu daina neman a gyara makarantu ba. Sai dai yaron da ke aji huɗu bana ba zai tsaya yana jira ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai wani ƙorafin da ba a furta ba amma mun san yana nan, wato wannan harkar maza ce. A gidajenmu wa ke guga? Wa ke ɗuma ruwa? Wa ke buɗe firij da hannu a jiƙe daga wanke-wanke? 'Ya'yanmu mata sun fi kowa kusa da haɗarin, don haka su ne a sahun gaba.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Muna roƙon shugabanni da iyayen ƙungiya su amince a ware awa ɗaya da rabi, sau biyu a wata, a lokacin da bai ci karo da Islamiyya ba, don yara 'yan shekara takwas zuwa goma sha huɗu. Kowane zama ya kasance da mutum biyu: ɗaya daga cikin malamanmu ko ɗalibanmu na manyan makarantu, da ɗaya daga cikin masu sana'a. Mai sana'a ya nuna, mai karatu ya haɗa abin da aka gani da abin da ke littafin makaranta. Kowane yaro ya zo da littafi guda, ya raba shafi biyu, sunan abu da bayaninsa da Hausa a dama, sunansa na Turanci a hagu.

Kayan aiki ba sai an kafa asusu ba. 'Yan uwanmu masu jari-bola su taimaka da maganaɗisun tsofaffin sifiku. Masu wayarin su kawo guntayen waya. Masu gyara su kawo matacciyar fanka ɗaya da mataccen janareta ɗaya da za a buɗe a gani. Abin saye bai wuce batura da ƙwan tocila ba. Mata kuma muna roƙon su ba mu mutum biyu da za su riƙa zama tare da 'yan mata.

Ba mu ce kowane yaro zai zama injiniya ba. Amma Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt mai amfani da lantarki a kamfanin General Motors na Amurka, a makarantun gida ya fara kamar kowa. Wani cikin yaranmu zai yi nisa in Allah ya so. Wani zai zama mai haɗa sola da ya san lissafin aikinsa, ba mai kwaikwayo ba. Wata za ta zama uwar da ta san abin da za ta fara yi in wuta ta kama ɗanta. Kowanne cikin ukun nan ya isa dalili.

Kafin zama na gaba, muna roƙon kowane uba da kowace uwa su yi abu ɗaya. A samu batir, ƙwan tocila da waya biyu, a miƙa wa yaro a ce ya kunna, kada a nuna masa. A zauna a kalle shi har ya gano. Sannan a zo mana da labarin abin da ya faru, da sunayen masu sana'ar da suka yarda su ba da lokacinsu.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya tsare mu da su daga haɗarin wuta da gobara. Amin.

Sakataren ƙungiya